Shari'ar Tsohon Dodo da Sabon Dodo

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma tun da gari ya waye nake neman wanda zan ba labarinsa. Amma gara ku fara sanin mai mafarkin, don irin wannan mafarki ba a kan kowa yake sauka ba.

Sunana Sallau, tela ne ni a Funtuwa. Ɗinki dai sana'a ce, abin da gari ya san ni da shi kallon fim ɗin ban tsoro ne. Tun zamanin silimar nan marar rufi, wadda muke zama a benci taurari suna kanmu, ba a taɓa nuna fim ɗin dodo ko na fatalwa ban je ba. Ni kuma ba ɗan kallon da ke zama gum ba ne. A lokacinmu, idan mutumin cikin fim ya nufi ƙofar da mugun abu ke bayanta, haƙƙi ne a kan 'yan kallo su gargaɗe shi. Kowa na yi, amma muryata ce ke hawa kan ta kowa. "Kai, kada ka buɗe!" "Waiga, yana bayanka!" "Wawa, ina fitilarka?" Har masu sayar da rake a waje sun san muryata. Gaskiya ne babu ɗan fim ko ɗaya da ya taɓa jin maganata, duk sun buɗe, duk an cinye su. Wannan kuma ruwansu, ni dai na sauke nauyi.

To jiya da yamma 'yata Lawisa ta zo ta zauna kusa da ni a tabarma da wayarta. Ta gama karatun jinya, an tura ta aiki wani ƙauye can bayan Yola, kuma da safen nan ne tafiyarta. Ta cusa mini igiyar sauraro ɗaya a kunne, ta sa ɗaya a nata, ta ce in ga irin fim ɗin tsoron yanzu. Muna cikin kallo wata yarinya ta nufi wani ɗaki a cikin duhu, na kwatsa mata tsawa kamar yadda aka saba. Lawisa ta zabura ta dafe kunne.

"Baba, ba fa jin ka suke yi ba," ta ce tana dariya. "Haka kake yi mini ni ma. Kada ki yi kaza, kada ki shiga kaza. Tun da aka ce zan tafi ban huta ba."

Maganar ta soke ni ƙwarai. Na cire igiyar na miƙa mata, na shiga ciki na ce wa uwarta Tasallah ta zama shaida: daga yanzu har yarinyar nan ta hau mota, ba za ta sake jin gargaɗi ko ɗaya daga bakina ba. Tasallah ta ce Allah ya ba da iko, da irin muryar da take yi duk ranar da na ce na daina shan sukari a shayi. Da wannan alkawari na kwanta.

Sai ga ni tsaye a ƙofar tsohuwar silimarmu, wadda aka rushe tuntuni aka yi shaguna a wurin. Rana tsaka ce, ko da yake ranar ba ta daɗe da hawa ba, don na ga waɗanda suka jawo ta da igiyar guga suna ɗaure ta a jikin darbejiya. Mai tsaron ƙofa zabuwa ce sanye da tabarau, da wani babban kwando a gabanta.

"Ba a shiga da ihu," ta ce. "Kowa ya ajiye nasa a kwando, in an tashi ya ɗauka."

Na leƙa kwandon. Cike yake da ihun mutane, manya da ƙanana, wasu har suna motsi.

"Ni ban taɓa ihun tsoro ba," na ce mata. "Nawa na gargaɗi ne."

Zabuwar ta sauke tabarau ta ƙare mini kallo, sannan ta durƙusa.

"Ashe kai ne. Allah ya gafarta Malam, wuce da abinka. Tun gobe muke jiran ka."

Ban taka ko'ina ba, bencina ne ya tako ya same ni, na zauna, ya kai ni gaba. Silimar cike take maƙil, ba masaka tsinke, amma ko tari ba ka ji. Aka naɗa mini rawanin alƙali na baƙin zaren fim, idan na juya kai ina jin 'yan mutanen ciki suna guje-guje. Rawanin ya zauna mini ɗas, kamar da shi aka haife ni. Ban yi mamaki ba ko kaɗan. Na daɗe da sanin wata rana za a neme ni, jinkirin da aka yi kawai nake gani.

Zabuwar ta hau kan wani tulu da aka rufe bakinsa da faifai, ta yi bayani. Ta ce fitilu sun cinye duhun garin, abin da ya rage ke nan a cikin tulun, kuma dodanni biyu ke rigima a kansa, tsoho da sabo. Wanda alƙali ya ce ya fi ban tsoro, shi zai tafi da tulu. Doka ɗaya ce: alƙali ba ya magana sai an gama nuna komai. In ya buɗe baki kafin nan, za a kwance masa rawani, kuma shi da kallon fim har abada.

Na gyaɗa kai. A raina na ce mutumin da ya iya rufe baki a kan 'yarsa, dodanni ba za su sa ya buɗe ba.

Tsohon Dodo ya fara fitowa, ya yi sallama. Na gane shi nan take. Jikinsa buhun gyaɗa ne, haƙoransa rogo ne da aka fere, jinin bakinsa kuwa tumatirin gwangwani. Yana sanye da silifas, ɗaya ja ɗaya shuɗi. Da ya juya na ga ɗinkin bayansa, na kusa yin magana tun a nan, don telan da ya yi wannan aiki bai ji tsoron Allah ba. Yana tafe yana tari.

"Allah ya gafarta Malam, kwana da yawa," ya ce. "Kai ne mai tona mini asiri daga bencin tsakiya. Ban taɓa riƙe ka a rai ba."

Aka haska fim ɗinsa a jikin bango. Hoton na rawa, ɗigo-ɗigo na sauka a kansa kamar yayyafi. Wani mutum mai faffaɗan wando ya shigo wani gida, ya tsaya. Aka nuna ƙofa. Aka nuna fuskarsa. Aka sake nuna ƙofa. Kiɗa ya yi ƙasa, ƙofar ta fara buɗewa a hankali tana kuka, har mutum zai iya zuwa ya yi alwala ya dawo ba ta gama ba. Dodon bai fito ba sai can ƙarshe, shi ma inuwarsa ce da rabin silifas. Duk da haka na ji tsigar jikina ta tashi, tashin girmamawa ba na tsoro ba. Wannan shi ne aiki. Tsohon fim yana ba ka lokaci ka ƙera dodonka da kanka a cikin kai, kuma babu telan da ya kai kan mutum iya ɗinka abin tsoro. Sannan yana barin fili ka gargaɗi bawan Allah. In ya ƙi ji, ka fita haƙƙinsa.

Sabon Dodo bai fito ba, gani kawai muka yi yana nan. Ba shi da ɗinki ko ɗaya a jiki, sumul yake kamar an zuba shi daga buta. Hannuwansa sun yi yawa, har wasu ba su da aikin yi, sun riƙe juna. Bakinsa na buɗewa har ƙirji, a cikinsa akwai wani bakin. Bai yi sallama ba. Wata doguwar igiya ta fito daga ƙugunsa zuwa jikin bango, yana caji.

"Tsoho, a yi sauri," ya ce mini. "Ana jira na a wayoyi da yawa."

Aka haska nasa. Hoto tas, har gashin hancin ɗan wasa kana gani. Wata mata na wanke fuska, ta ɗago kai, dodo ya faɗo a madubi da ƙara kamar an yar da tire a siminti. Kafin ka haɗiye miyau ya sake faɗowa daga rufi, ya sake fitowa daga cikin firji. 'Yan kallo suna zabura a benci suna buɗe baki, ba sauti, don ihunsu na kwando. Ni ko gezau. Rawanina ya ɗan karkace, amma iska ce.

Zan yi masa adalci, don alƙali ne ni. Yaron ya iya shiga, kuma jininsa ya fi tumatir kama da jini. Akwai wani wuri da ya tsaya cik a bayan matar bai yi komai ba, wannan wurin ya burge ni, da zai riƙa haka da ya yi nisa. Amma ba shi da kunya, ba ya jiran a yi masa iso. Firgitarwa daban, tsoratarwa daban. Ko akuya ta faɗo maka daga katanga za ka zabura, ba kuwa za ka kwana kana tunaninta ba. Ana cikin haka sabis ya ɗauke, ya daskare baki buɗe, wani ɗan zobe na juyawa a goshinsa. Tsohon Dodo ya je ya yi masa fifita har ya dawo.

Na riga na yanke hukunci a raina, ina gyara zaman rawani, sai zabuwar ta ɗaga fiffike.

"Saura gwajin ƙarshe. Ƙofa ɗaya, dodanni biyu a bayanta. Za a kawo wanda bai taɓa shiga ba."

Dodannin suka taka suka shige cikin bangon kamar masu shiga zaure. Hoto ya kawo. Wani dogon soro ne mai duhu, ƙofar langa-langa a ƙarshensa. A gefen ƙofar akwai ɗan teburi, a kansa fitilar ƙwai tana ci. Sai na ji ƙarar taya a kan siminti. Wata yarinya ta shigo cikin fararen kayan jinya, tana jan akwati, igiyar sauraro a kunnuwanta biyu.

Lawisa ce.

Na duba dama, na duba hagu. Mutane ɗaruruwa, babu mai iya ɗaga murya. A duk silimar nan ni kaɗai na shigo da ihuna. A bencin bayana na ga Tasallah zaune da tire a cinya, tana mayar da gyaɗa cikin ɓawonta tana rufewa ɗaya bayan ɗaya.

"Ni dai shaida ce," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Lawisa na tafiya, ƙofa na matsowa. Kiɗa ya yi ƙasa, irin na tsohon fim. Na san wannan kiɗan kamar yadda na san ƙarar kekena. Na cije leɓe. Na tuna rawanin da na jira tun ina saurayi, na tuna silimar da za a hana ni har abada, na tuna dariyarta a tabarma. Ta ce ba sa ji. To, in ba sa ji, me zai sa in zubar da girmana a banza? Na naɗe hannu a ƙirji, na zauna kamar alƙalin gaske. Amma fa tsoro ya kama ni, tsoron da babu fim ɗin da ya taɓa ba ni irinsa.

Ta wuce teburin, ko kallon fitilar ba ta yi ba. Ta ɗora hannu a kan ƙofa.

Maganar da na saba ta hau har maƙogwarona: kada ki buɗe. Sai na ji wani abu daga can bayan ƙofar, bayan dodannin ma. Wata mata ce ke nishi tana kiran a taimake ta, da wata tsohuwa tana cewa ga malamar asibiti nan zuwa, ki daure. Ashe wurin aikinta ke nan. Duk mutanen da na taɓa yi wa tsawa a fim, babu abin da ya kai su ɗakin dodo sai karambani. Wannan kuwa jiran ta ake yi a ciki.

Na miƙe tsaye a kan benci. Na cika ƙirji irin na zamanin masu rake.

"Lawisa! Ɗauki fitila!"

Muryar ta girgiza bango, har ranar da ke ɗaure a darbejiya ta yi lilo. Lawisa ta tsaya. Ta sa hannu ta zare igiyar daga kunne ɗaya, sannan ɗayan. Ta juyo, ta leƙo daga cikin hoton, tana bin benci-benci da ido har ta same ni.

"Na ji, Baba."

Jama'a, tun da aka fara haska fim a garin nan ba a taɓa yin haka ba. Na gargaɗi Turawa, na gargaɗi Indiyawa, na gargaɗi 'yan Sin masu tsalle a kan rufi, babu wanda ya ko waiga. Ranar da aka ji ni, 'yata ce ta ji.

Ta koma da baya ta ɗauki fitilar, ta ƙara mata lagwani, ta tura ƙofa da ƙafa. Dodannin suka taso mata a tare. Haske ya faɗa kan Sabon Dodo, sai ga shi shara-shara kamar labulen leshi, ana hango bango ta cikinsa.

"Matsa, kana tare mini hanya," ta ce masa. Ya matsa, da hannuwansa duka.

Tsohon Dodo ya ɗaga hannu zai yi gurnani, tari ya sarƙe shi. Ta ɗaga fitilar ta dubi idonsa.

"Baba, wannan tarin ya daɗe. Zauna a nan, in na gama da mai haihuwa zan duba ka."

Ya zauna a bakin ƙofa, ya cire silifas ya ajiye a gefe. Ita kuwa ta wuce ciki da akwatinta, hasken na tafiya tare da ita har ya zama ɗan ɗigo.

Rawanina ya fara warwarewa da kansa. Zaren fim ɗin ya sauka ta kafaɗata, ya bi ƙasa kamar maciji, ya fita ta ƙofa. Zabuwar ta gyara tabarau, ta ce an tuɓe alƙali, kuma daga yau duk bangon da ya kalla, bango kawai zai gani. Na ce na ji. Ban sauko daga bencin ba. Na juya na fuskanci jama'a da kaina a buɗe, na nuna hoton da yatsa.

"Kun gan ta? 'Yata ce. Ni na haife ta."

Ba su da bakin amsawa, sai suka riƙa gyaɗa kai, layi bayan layi, har bencin ƙarshe. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na lokacin ba, da rawanin ma na nan da bai shige shi ba.

"To tulun fa?" in ji zabuwa. "Wa za a ba?"

"A tambayi alƙali," na ce. "Ni uban yarinya ne."

Tasallah ta rufe gyaɗar ƙarshe, ta miƙe ta ɗauki tulun ta ɗora a ka, ta ce dama tana neman inda za ta jiƙa kanwa. Aka kwance ranar daga darbejiya, aka fara jan bencina baya a kan siminti. Gurrr. Ya tsaya. Gurrr.

Na buɗe ido. Rufin ɗakina ne, gari ya fara haske, ƙarar kuwa ba ta daina ba. Tayar akwati ce ake ja a tsakar gida. Tasallah na tsaye a kaina tana ɗaura ɗankwali.

"Malam, alkawarinka ko asuba bai kai ba," ta ce. "Har gidan Malam Jatau can ƙarshen layi an ji ka. Kajina duk sun watse."

Na tashi zaune, irin zaman tsohon alƙali. Ƙarar tayar ta matso, ta tsaya a bakin ƙofata. Aka yi sallama, aka ɗaga labule. Lawisa ce cikin shirin tafiya, igiyar sauraro na rataye a wuyanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta miƙo hannu.

"Baba, ina fitilar?"

Na laluba ƙarƙashin matashi na ciro tsohuwar tocilata ta ƙarfe, wadda nake komawa gida da ita daga silima tun kafin a haife ta.

"Ai akwai a wayarki," na ce.

"Taka nake so."